Waye ke biyan kuɗin motar makaranta a Ontariyo?

'Yar'uwa, kin tambayi dalilin hana yaronki kujera a motar makaranta alhali gwamnati ke biya. A Kanada ilimi hurumin lardi ne. Ma'aikatar ilimi ta lardin Ontariyo ke bai wa hukumomin makarantu kuɗin sufuri, su kuma su ɗauki kamfanonin bas haya. Amma ƙa'idar nisa hukumar ce ke yankewa. A hukumar makarantun Toronto, daga rabin aji zuwa aji 5, sai nisan gida zuwa makaranta ya kai kilomita 1.6 kafin a ba yaro kujera. Inda ake yawan samun matsala: tsohon adireshi a rajista, ko sa yaro makarantar da ba ta unguwarsa ba. Gyara adireshin a ofishin makaranta tukuna, sannan ki nemi a sake auna nisan.