Tambaya da Amsa: Tsarin Ajayil ya hana rubuta bayanin manhaja ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu huɗu ne a nan Damagaram muke haɗa wa wani mai kantin magani manhajar lissafin kaya da bashi. Shugaban aikinmu ya ce tunda tsarin Ajayil muke bi, rubuta bayani ɓata lokaci ne. Ga shi wanda ya gina ɓangaren kuɗi ya samu aiki a Yamai, ƙarshen wata zai tafi. Yaya za mu yi? Daga wani mai karatu a unguwar Birni.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Shugabanku rabin zance ya ɗauko. Ajayil tsari ne na gina manhaja kaɗan-kaɗan, ana gyara ta bisa buƙatar mai aiki. Gaskiya ne mutum 17 da suka rubuta sanarwar Ajayil, lokacin da suka taru a Snowbird, jihar Utah ta Amurka, a Fabrairun 2001, sun fifita manhaja mai aiki a kan tulin takardu. Amma a cikin sanarwar tasu sun faɗa da bakinsu cewa takardun ma suna da daraja. Abin da ya gundure su shi ne kundin da ake shafe watanni ana rubutawa kafin a fara gini, ranar da aka gama shi kuma buƙatar mai aikin ta riga ta sauya.

Ni abin da nake matsa wa matasa su rubuta shi ne dalili. Mai karanta kod, wato umarnin da ake rubutawa don gina manhaja, zai ga abin da manhaja take yi, amma ba zai ga me ya sa aka yi haka ba. Ɗauki ɓangaren kuɗin nan naku. Yaron kanti da dala yake lissafi, ya ce maka dala ɗari, alhali a takardar saye faran 500 aka rubuta. In ɗan'uwanku mai tafiya ya sa manhaja tana ninka abin da aka shigar sau biyar, bai rubuta dalili ba, wata rana wani zai ga wannan biyar ɗin ya ɗauka kuskure ne ya goge. Sai bashin jaka goma ya koma jaka biyu a allo, mai kanti kuma ku zai riƙe. Layi biyu na bayani sun isa su hana wannan. Haka ma in kun zaɓi manhaja ta riƙa ajiye lissafi a cikin kwamfutar kanti saboda intanet kan yanke, ku rubuta ranar da kuka yanke shawarar, da abin da kuka ƙi, da dalilin ƙinsa. Wani masanin gina manhaja, Michael Nygard, ya ba da shawarar irin wannan gajeriyar takarda a 2011, shafi ɗaya ko biyu ga kowace shawara.

Ku ajiye takardar cikin Git, manhajar da ke adana kod da tarihin sauye-sauyensa, tare da kod ɗin, don wanda ya sauya ɗaya ya tuna da ɗayan. Kalmar sirri kam kada ta shiga can. Shawarar da kuka yanke a saƙon murya na WhatsApp kuwa, ina roƙonku ku kwafe ta a rubuce tun yau, don waya kan ɓata ko ta lalace.

Kafin ɗan'uwanku ya hau mota, ku yi gwaji ɗaya. Ya rubuta matakan ɗora manhajar a fayil ɗin README, wato fayil ɗin bayanin da ake fara karantawa, sannan wanda ya fi ƙarancin sanin ɓangaren ya zauna gaban wata kwamfuta ya bi rubutun shi kaɗai. Mai tafiyar ya zauna gefe, ya kama bakinsa. Duk inda mai gwajin ya tsaya yana sosa kai, nan ne za a ƙara bayani.

Shugabanku kuma ka je masa da ladabi. In Scrum kuke bi, wato salon Ajayil da ake raba aiki zango-zango, akwai sharuɗɗan da ƙungiya ke amincewa da su kafin a ce aiki ya kammala. Ka roƙe shi a sa gyaran bayani a cikinsu, sai a riƙa yinsa kaɗan-kaɗan a kowane zango. Yaron kanti ma ku rubuta masa shafi ɗaya da Hausa, ku liƙa kusa da kwamfutar.