Amsa: farfaɗo da zumuncin 'yan gari bayan korona

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce tun kullen korona na 2020 taron 'yan garinku a Agege da ke Legas ya watse, rukunin WhatsApp ɗinku kuma ya koma wurin tura hotuna. Gyaran a tsari yake.

Ku raba rukunin gida biyu: na sanarwa, inda masu kula kaɗai ke rubutu, da na hira. In aka haɗa su, sanarwar jana'iza sai ta nutse cikin bidiyoyi, mutum ya gani bayan an dawo daga maƙabarta.

Ku fi dogara da saƙon murya, kada ya wuce minti ɗaya. Dattawa da yawa ba sa karanta boko, ɗan dako a kasuwar Mile 12 kuwa ba shi da lokacin dogon rubutu. Kiran murya na rukuni yana ɗaukar mutum 32, ku sa shi bayan Isha'i, lokacin an kuɓuta daga cunkoson hanya.

Masu shirun nan su suka fi damuna. Kowane mai kula ya riƙe sunan mutum goma. Wanda aka yi mako biyu ba a ji ɗuriyarsa ba, a kira shi, in bai ɗauka ba a taka har ɗakinsa. In ya daina cin abinci, barci ya gagare shi, ga yawan kaɗaita kai, a lallashe shi a raka shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, kuma kada maganar ta shiga rukuni.

Sannan ku sa ranar haɗuwa ido da ido sau ɗaya a wata, bayan sallar Juma'a, ko shayi ne a sha tare.