Idan Na Ɗora Windows 11 Laptop Ɗina Zai Kama Wi-Fi 7?

Tambaya: Salam Malam. Ina da HP EliteBook 840 G3, ta hannu na saya, Windows 10 ce a kanta. Wani mai gyara ya ce in kawo ya ɗora min Windows 11 wai sai ta fara kama Wi-Fi 7 intanet ya riƙa gudu. Da gaske ne ko kuɗina kawai yake hari?
Daga wani ɗalibi, Kabuga

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Toh akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa amma ya sa mata gishiri da yawa. Eh, Wi-Fi 7 sai da Windows 11, ita ma sai sigar 24H2 zuwa sama. Sai dai ba Windows ce ke kamo sabis ɗin ba, wani ɗan kati ne a cikin kwamfutar, in an kwance murfin ƙasa za ka gan shi, bai kai kwalin ashana ba, da siraran wayoyi biyu maƙale a jikinsa. Na G3 a Wi-Fi 5 ya tsaya, ko sau goma aka yi mata fomatin ba zai canza ba.

Kuma ma a ce ka sauya katin, me zai kama? Dole rawutar ita ma ta zama Wi-Fi 7, mu kuwa nan Kano yawanci ƴar MiFi ce ko hotspot ɗin waya, kuma in netwok ɗin unguwarku na jan ƙafa da daddare lokacin da kowa ya hau, wallahi babu katin da zai cece ka, matsalar daga turken sabis take.

Wani abin da bai faɗa maka ba, firosesar G3 ƙarni na 6 ce, Microsoft kuma daga ƙarni na 8 ta amince a ɗora Windows 11, tare da TPM 2.0 (wani ɓangaren tsaro ne a cikin kwamfuta). Ana iya cusa Windows 11 ɗin ta bayan fage, masu gyara sun iya, amma babu tabbacin za ka ci gaba da samun sabuntawa. Ita kuma Windows 10 wa'adin tallafinta ya ƙare tun 14 ga Oktoba 2025, don haka zama a kanta ma ba na dindindin ba ne.

Ni dai da ni ne, in sa SSD (ma'ajiyar bayanai mai sauri) in kai RAM 8GB in lallaɓa, in rawutar na da 5GHz (layin Wi-Fi ɗin da ya fi gudu) in koma kansa. Ranar da kuɗi suka samu ka leƙa Beirut Road ka nemi EliteBook G5 zuwa sama mai firosesa ƙarni na 8 ko fiye, kafin ka biya ka ce a buɗe maka Device Manager, inda Windows ke jera kayan cikin kwamfutar, ka duba sunan katin da idonka, in ka ga AX200 ko AX201 to Wi-Fi 6 ne, ya ishe ka.