Ka sayi laftof a Kano ko ka bari sai ka iso Ingila?

Salamu alaikum ƙanenmu. Mun ga tambayarka. Ka ce ka samu gurbin digiri na biyu a nan Ingila, za ka taso a watan Satumba, kuma bayan kuɗin makaranta da biza da tikiti abin da ya rage a aljihu ba shi da yawa. An nuna maka kwamfuta biyu a Beirut Road, ɗaya Core i7 ta hannu, ɗaya sabuwa dal a kwali mai Celeron (dukansu sunayen firosesa ne, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta), farashinsu kusan ɗaya, kana son sanin wacce ta fi, ko kuwa ka haƙura sai ka iso. Allah ya kawo ka lafiya. Ga dukkan alamu babu wadda za mu ce ka ɗauka cikin biyun, amma bari mu yi maka bayani dalla-dalla.

Tun kafin maganar kasuwa, ka rubuta wa sashen da za ka yi karatu ka tambaye su manhajojin da kwas ɗin yake amfani da su. Wannan amsa ita ce za ta yanke rabin hukunci. Mai karanta shari'a ko ilimin koyarwa, Word da PDF da Teams sun ishe shi. Mai aiki da SPSS ko Stata ko R yana son RAM mai yalwa, wato wurin da kwamfuta take riƙe aikin da ake cikin yi. ArcGIS Pro da SolidWorks da Revit da Power BI Desktop kuwa a Windows kaɗai suke tafiya, don haka wanda ya sayi MacBook ko Chromebook saboda kyan jiki ya ɗauko wa kansa wahala. Aiki mai nauyi sosai galibi a kwamfutocin jami'a ake yinsa, kada ka kashe kuɗin haya wajen sayen na'urar da za ka samu kyauta a ɗakin gwaji.

To, ita waccan i7 ɗin. Sunan i7 shi kaɗai ba ya faɗin komai, lambar da ke bayansa ce magana. Ka duba cikakken sunan firosesa: a i7-6600U, lamba 6 ta farko tana nufin zubi na shida, wato na 2015. A i5-8250U zubi na takwas ne, na 2017. Daga na goma sai lambobi biyu, kamar i5-10210U ko i5-1135G7. Ita i7-6600U ƙwaƙwalen aiki biyu gare ta, i5-8250U kuwa huɗu, saboda haka ƙaramar a suna ta fi babbar gudu nesa ba kusa ba. Mai shago ba lallai ya faɗa maka wannan ba, shi dai "i7 ce, Alhaji" yake cewa.

Akwai kuma dalilin da ya fi gudu muhimmanci. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance tana son Intel zubi na takwas zuwa sama, ko AMD Ryzen jerin 3000 zuwa sama idan laftof ce, tare da wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Masu gyara sun iya ɗora Windows 11 kan tsohuwar na'ura ta bayan gida, ka kunna ka ga komai tsaf, amma babu tabbacin za ta ci gaba da karɓar manyan sabuntawa. Kada ganin Windows 11 a fuska ya ruɗe ka. Buɗe Task Manager, shiga Performance, ka karanta sunan firosesa da idonka.

Sabuwar da ke kwali kuma, matsalarta daban ce. Irin waɗannan masu Celeron N4020 da makamantansu yawanci RAM 4GB ne da aka like a jikin babban allon cikin na'urar, ba a ƙarawa, ma'ajiyarsu kuma 'yar ƙarama ce da ake kira eMMC mai 64GB. Windows kaɗai za ta cinye wajen rabin wannan fili. Ka buɗe shafuka goma a Chrome, ga Word, ga lacca a Teams, sai ta fara numfashi sama-sama. Fuskarta sau da yawa 1366 x 768 ce, wadda ba ta isa a jera takarda biyu gefe da gefe, alhali rubutun kundi kusan duk haka ake yinsa, maƙala a hagu, rubutunka a dama. Sabuwa ce, gaskiya, amma araha ba ta ado.

Abin da muke ba wa ɗalibai shawara shi ne kwamfutocin ofis da kamfanoni suka yi amfani da su shekara uku ko huɗu suka sallama: Lenovo ThinkPad T480 ko T490 ko T14, Dell Latitude 5400 ko 7490, HP EliteBook 840 G5 ko G6. An ƙera su don a riƙa kwancewa ana gyarawa, kayan gyaransu kuma suna ko'ina, daga Ikeja har Bamingham. Ka nemi i5 zubi na takwas zuwa sama ko Ryzen 5, RAM 16GB (8GB za ta yi idan akwai gurbin ƙari), SSD (ma'ajiya mai sauri) 256GB ko 512GB, fuska inci 14 mai 1920 x 1080. T480 tana da gurbin RAM biyu, T490 ɗaya a like ɗaya a buɗe, X1 Carbon kuwa duka a like suke, abin da ka saya da shi za ka zauna. Wadda take da tsohon faifai mai juyawa a madadin SSD, ko dai ka bar ta, ko a cire kuɗin SSD daga farashi.

Wajen kwatanta farashi, kada ka tsaya ga abin da aka rubuta a jiki. Ka haɗa kuɗin saye da na abin da dole ka canza, batir ko caja ko RAM, sannan ka raba da shekarun da za ta yi maka aiki. A misali, a ce sabuwa mai Celeron fam 220 ce, ka jure mata shekara biyu, ta ci maka fam 110 kowace shekara. Ta ofis fam 260, ka ƙara batir na fam 40, ta yi shekara huɗu, fam 75 ke nan a shekara, kuma idan ka gama akwai mai saye. Ka sa ainihin farashin da ka gani a ranar, ka juya naira zuwa fam da canjin ranar, ka yi lissafin da kanka.

Saye a can ko a nan? Idan kana da wadda take aiki ko da tana jan ƙafa, ka zo da ita, ka jira. Fa'idar nan ita ce doka. Dokar kare masu saye ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar da kaya mai lahani a dawo maka da kuɗinka, ko da na hannu ne, matuƙar a wajen ɗan kasuwa ka saya. Abin da ka saya ta intanet daga kamfani kuma kana da kwana 14 ka fasa ko babu wani aibi. Masu sayar da gyararru irin su Back Market suna ba da garantin wata 12. Wannan kariya ba ta shafi wanda ka haɗu da shi a Facebook Marketplace ko Gumtree ba, can kai da sa'arka ne. Da zarar ka samu imel ɗin makaranta mai .ac.uk za ka iya rajista da UNiDAYS ko Student Beans don rangwamen ɗalibai, sannan akwai ragin Black Friday a ƙarshen Nuwamba. Kada ka biya ko kwabo don a saka maka Office, yawancin jami'o'i suna ba da Microsoft 365 kyauta, da yawa kuma suna ba da aron laftof a laburare, wanda zai riƙe ka makonnin farko.

Idan kuma ba ka da komai, ko ka ga farashin Kano ya fi sauƙi ƙwarai, ka saya, sai dai ka sani garantin mai shago ba ya hawa jirgi. Saboda haka ka saya aƙalla mako uku kafin tafiya, ka yi ta aiki da ita, kuma a shagon ka zauna ka gwada kafin kuɗi su bar hannunka. Buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, ka kwatanta ƙarfin batir na asali da wanda yake ɗauka yanzu. Kashi 80 cikin 100 zuwa sama ya yi kyau, ƙasa da 60 batirin ya kusa ƙarewa. Manhajar CrystalDiskInfo za ta nuna maka lafiyar SSD da awannin da ta yi. Shiga BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka tabbata babu kalmar sirri a kai. Abin da ya fi cin mutane shi ne kwamfutar da har yanzu take cikin rajistar tsohon kamfaninta: lafiya lau take aiki, sai ranar da ka sake Windows ta nemi imel ɗin wani ofis da ba ka taɓa ji ba. Ka sa a goge ta a sake saitawa a gabanka tana haɗe da intanet. Danna kowane maɓalli, gwada kowace kafar USB, kyamara da makirufo, buɗe murfi ka rufe ka ji ko maɗaurinsa ya saki, ka kunna bidiyo na minti goma ka saurari fanka. A rubuta lambar jikin na'urar a rasit.

Filogin Najeriya mai ƙafa uku iri ɗaya ne da na Ingila, ƙarfin wuta ma volt 230 ne, cajarka za ta shiga kai tsaye. Kibod ɗin nan ya ɗan bambanta da na Amurka, alamar @ da " sun yi musayar wuri, amma kwana biyu za ka saba, wanda za ka guje wa shi ne na Faransa mai AZERTY ko na Jamus mai QWERTZ, waɗanda sukan biyo cikin kayan hannu. Idan kana son ƙ da ɗ da ɓ, Windows tana da kibod ɗin Hausa a saitin harshe. Ranar tafiya ka riƙe laftof ɗin da fawa-bank a jakar hannu. Shi fawa-bank ba a yarda ya shiga babban akwati ba, kuma a filin jirgin Hitro ko Manchesta ba tausayin akwati ake yi ba.