Yaya zan yi samarin ƙungiyarmu su iya jagorantar kansu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke Ƙaramar Hukumar Gwaram. Shekara biyu ke nan da na tara samari talatin, 'yan shekara 13 zuwa 18, muna fita yawon buɗe ido da kwanan daji lokacin hutu. Amma komai a kaina yake, tun daga tara kuɗi da cefane har rabon faɗa. Bara na kwanta rashin lafiya, tafiyar ta rushe. Ta yaya zan fitar da shugabanni daga cikinsu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya.

Ka fara da raba su gida biyar, shida-shida, kowane gida da jagoransa daga cikinsu. Tsarin da sikawut ya ginu a kai ke nan tun 1907, lokacin da Baden-Powell, Baturen da ya kafa sikawut ɗin, ya kai yara ashirin tsibirin Brownsea a Ingila ya kasa su gida huɗu. Mu ma abin ba baƙo ba ne a wurinmu. A hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya umarci mutum uku da suka fita tafiya su naɗa ɗayansu shugaba. Ga kuma sarkin samari, wanda tun zamanin kakanni shi ke tara matasa aikin gayya. Idan ka yi wa iyaye bayani ta wannan fuskar, nan take za su gane.

Kada ka yi saurin naɗa wanda ya fi girman jiki ko ya fi baki. Ku yi tattaki na 'yan awoyi, kai kana daga baya kana kallo. Wanda ya waiwayo ya jira ƙaramin da takalminsa ya tsinke, ko ya karɓi jarkar wanda ya gaji ba tare da an sa shi ba, shi nake sa wa ido. Sauran biyar ma kowa da aikinsa: ma'aji, mai kula da ruwa, mai akwatin magani, mai girki, da mai rubuta labarin tafiya. Duk fita a sauya.

Inda akasarinmu muke kasawa shi ne sakin ragama. Na taɓa ba wani yaro ɗan shekara 15 kuɗin cefanen 'yan gidansu. Ya sayo shinkafa da wake da yaji, ya manta da mai. Na gani tun a kasuwa, na yi shiru. Da dare suka ci garau-garau gaya, abokansa suna ta mita, shi kuwa ya sunkuyar da kai. Tafiyar da ta biyo baya sai ga shi da takarda, ya rubuta komai har ashana, yana karanta wa 'yan uwansa kafin su shiga kasuwa. Da na tuna masa da man, da har yau ni yake jira in tuna masa. Irin wannan kuskuren, ka bar shi ya faru. Bayan sallar isha'i ku zauna, jagora ya fara faɗin abin da ya yi daidai da abin da ya lalace, kai ka yi magana a ƙarshe, kuma a taƙaice.

Amma duk abin da ya shafi rai, naka ne kai da wani babba na biyu da za ka riƙa tafiya da shi. Babu wanka a dam ko kududdufi, saboda nutsewa da tsargiya. Idan maciji ya sari yaro, ba a tsagawa, ba a ɗaure wurin tamau. A hana shi motsa gaɓar a garzaya asibiti. Kowane jagora ya iya haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Batun tsaron hanya kuwa, ka tambayi dagaci da 'yan sanda kafin kowace fita.

Ku jira hunturu, kada ku fita a zafin bazara. Ku fara da tafiyar yini guda zuwa Birnin Kudu, maƙwabtanku, ku ga tsofaffin zane-zanen shanu da ke jikin duwatsun Habude da Mesa. Jagororin nan biyar su yi lissafin kuɗin mota, su karɓo izinin iyaye a rubuce. Ranar da za ku je gaban dagaci neman izini, kai ka yi gaisuwa ka koma gefe, ɗaya daga cikinsu ya yi bayanin tafiyar da bakinsa.