Tambaya da Amsa: Yaya Makaɗin Tabla Yake Ƙirga Kiɗansa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni makaɗin kalangu ne, na gaji sana'ar daga mahaifina, ina zaune a wani ƙauye da ke tsakanin Gumel da Maigatari a Jihar Jigawa. Kwanakin baya ƙanena da ke karatu a Dutse ya turo mini bidiyon wani Ba'indiye yana kaɗa ƙananan ganguna biyu da yatsunsa, a gefensa kuma wani mutum yana ta maimaita sauti ɗaya da wani abu mai kama da goge. Tun ina yaro nake jin irin wannan ganga a waƙoƙin finafinan Indiya, kuma nakan bi su da tafi ba tare da wahala ba, amma a wannan karon na kasa gane inda kiɗan ya fara da inda ya ƙare. Sai mutumin ya yi ta gudu da yatsu har in ce ya ɓata, sai kuma ya dire a wuri ɗaya tare da mai gogen, jama'a su ɗauki sowa. Wani lokaci kuma yakan faɗi abu da baki kafin ya kaɗa shi. Shin lissafi ne ko sabo ne kawai? Kuma abin da yake faɗa da bakin nan, kirari ne ko take?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara wa sana'a albarka. Lissafi ne, mai tsauri kuwa, sai dai an yi shekara da shekaru ana maimaita shi har ya zama jiki, shi ya sa mai kallo zai ɗauka sabo ne kawai.

Gangunan da ka gani sunansu tabla, daga kalmar ɗabl ta Larabci wadda take nufin ganga, kuma su ne suke riƙe da kiɗan gargajiya na arewacin Indiya. Ta hannun dama, wadda suke kira dayan, ita ce ƙaramar, da itace ake sassaƙa ta, kuma da 'yar guduma ake saita muryarta har ta dace da muryar mawaƙi. Ta hagu, wato bayan, mai faɗin ciki ce kamar tukunya, ta ƙarfe ko ta yumɓu, ita ce mai babbar murya. Baƙin tabon da ke kan fatar kowacce haɗi ne na ƙullun gari da garin ƙarfe, wanda ake shafawa kaɗan-kaɗan ana gogewa, kuma shi yake ba gangar amon nan mai kama da na ƙararrawa. Abin da kake yi da hammata idan ka matse tsarkiyar kalangu domin murya ta hau ko ta sauka, shi da gindin tafin hannunsa na hagu yake yi, yana danna fatar bayan yana sassautawa.

Tushen al'amarin shi ne abin da suke kira tala, wato zagaye na bugu mai ƙayyadadden adadi, wanda idan ya cika yake komawa farko. Tun da kana kusa da Maigatari, ka ɗauki misali da kasuwarta wadda take ci ranar Alhamis. Falke yana iya tashi daga nan ya nufi Haɗeja, ya biya ta Kano, ya kwana inda dare ya yi masa, kowane mako da hanyar da zai bi, amma dai Alhamis a Maigatari za ta same shi, kuma ita wannan Alhamis ɗin ita ce ƙarshen tafiyar da ta wuce, ita ce kuma farkon wadda za a shiga. Wannan rana ta kasuwa ita ce suke kira sam, bugun farko na zagaye, inda makaɗi da mawaƙi da mai rawa dole su haɗu. Direwar da ka ga jama'a sun yi wa sowa, a kan sam aka yi ta.

Zagayen da aka fi kaɗawa shi ne tintal, mai bugu 16, an raba shi gida huɗu, kowane gida bugu huɗu. Masu sauraro suna riƙe shi da hannu: ana tafawa a bugu na 1 da na 5 da na 13, amma a na 9 sai a juya tafin hannu sama ba tare da ƙara ba. Wannan gida na uku shi ne khali, kalmar da ita ma daga Larabci ta fito, ma'anarta wofi, kuma tushensu ɗaya da kalmar halwa da muka sani. Kowane tala yana da kiɗansa na asali da ake gane shi da shi, wanda suke kira teka, kuma na tintal ga yadda ake faɗarsa:

dha dhin dhin dha, dha dhin dhin dha, dha tin tin ta, ta dhin dhin dha.

A nan ne kunnenka na makaɗi zai yi maka amfani. Dha da dhin da hannu biyu ake yin su, saboda haka babbar ganga tana amsawa a cikinsu, amma ta da tin na hannun dama ne kaɗai. Idan ka duba jerin za ka ga daga bugu na 10 zuwa na 13 babbar murya ta yi shiru, sai a na 14 ta dawo. To, duk lokacin da ka ji amon ƙasa ya ɗauke sannan ya dawo, ka ƙirga uku, na huɗun shi ne sam. Da wannan alama kaɗai mutum yana iya shiga tsakiyar kiɗa ya gane inda ake. Idan kuwa makaɗin ya bar teka ya shiga gudun da ka ambata, sai ka koma ga mai gogen. Abin da yake gogawa sarangi ne, wasu kuma da harmoniya suke yi, wato akwatin kiɗa mai madannai da ake hura wa iska da hannu, kuma sautin da yake ta maimaitawa, wanda ake kira lahara, tsawonsa zagaye ɗaya ne cif. Aikinsa kenan, ya tsare ma'auni kamar yadda 'yan amshi suke tsare gindin waƙa yayin da jagora yake yawo a cikin ɗiyanta.

Game da abin da yake faɗa da baki, ba kirari ba ne, ba kuma take ba ne, kuma a ganina wannan ne babban bambanci tsakanin sana'arka da tasa. Kalangu Hausa yake yi. Idan ka kaɗa taken mahauci ko na wani manomi, hawa da saukar muryar gangar suna bin karin sautin kalmomi, wanda ya san taken sai ya ji sunansa ya miƙe. Su kuwa gaɓoɓin tabla, waɗanda ake kira bol, ba su da ma'ana a Hindi ko Urdu, sunayen bugu ne kawai: kowace gaɓa tana nuna yatsan da zai sauka, da inda zai sauka a kan fata, da ko za a bar amon ya tashi ko a danne shi. Amfanin wannan tsari shi ne ana iya haddace kiɗa kamar yadda ake haddace karatu, a ba ɗalibi shi da baki ko babu ganga a kusa, a kuma rubuta shi a littafi. A tsarin rubutun da Vishnu Narayan Bhatkhande, wanda ya rasu a 1936, ya yaɗa, ana sa alamar X a kan sam da sifiri a kan khali. Idan makaɗi ya karanta wani kiɗa kafin ya kaɗa shi, yana nuna wa jama'a ne abin da ya gada, domin su auna ko hannunsa zai cika abin da bakinsa ya faɗa.

Cikin nau'o'in kiɗan da ake ginawa a kan zagaye, wanda na fi so ka lura da shi shi ne kaida, kuma sunan ba baƙo ba ne a gare mu, domin ƙa'ida ce dai ta Larabci. Ana fara shi da jimla ɗaya, kamar wannan sananniya ta mutanen Delhi: dha ti ta dha ti ta dha dha, ti ta dha ge tin na ki na. Daga nan sai makaɗi ya yi ta jujjuya ta, ya sa na baya a gaba, ya maimaita wani yanki, ya bar gurbi a wani wuri, bisa sharaɗi biyu: kada ya shigo da gaɓar da babu ita a jimlar farko, kuma duk abin da ya kaɗa da babbar murya sai ya maimaita shi a ɓangaren khali da muryar a rufe. Gwanintar mutum tana fitowa ne daga yawan abin da zai iya fitarwa daga 'yan gaɓoɓin nan ba tare da ya karya sharaɗi ba. Akwai kuma peshkar, wanda ake buɗe wasa da shi a hankali, da rela mai tsananin sauri, da tukra da gat, waɗanda gajerun tsararrun kiɗa ne da ake haddacewa yadda magabata suka bar su.

Direwar kanta tana da suna, tihai, wato jimlar da ake faɗa sau uku a jere, a tsara ta yadda bugunta na ƙarshe a karo na uku zai faɗa kan sam. Ga lissafin a tintal. Daga bugu na 9 zuwa sam mai zuwa, idan ka haɗa da su biyun, bugu tara ne. Ka ɗauki jimla mai bugu uku, tira kita dha, ka fara ta a na 9: karon farko zai cinye 9 da 10 da 11, na biyu 12 da 13 da 14, na uku 15 da 16, sai dha ta ƙarshe ta sauka a kan 1. Idan kuma daga sam kake so ka tashi ka dire a sam na gaba, bugu 17 ne a gabanka, sai ka nemi jimla mai bugu biyar ka bar gurbin bugu ɗaya sau biyu a tsakani, domin biyar sau uku da biyu sun ba da 17. Dha ta farko da ta biyu suna sauka ne a wuraren da kunne bai zata ba, shi ya sa ka ji kamar mutumin ya ɓata, alhali tun kafin ya ɗaga yatsa ya san inda zai sauka. Akwai ma cakradar, inda ake maimaita dukan kiɗan tare da tihai ɗinsa sau uku, sai dha ta tara ce take cin sam.

Waƙoƙin finafinai kuwa sun zo maka da sauƙi ne saboda yawancinsu a kan gajerun zagaye biyu ake gina su, kaharwa mai bugu 8 da dadra mai bugu 6, waɗanda suke komawa farko kafin kunne ya manta. A kiɗan gargajiya za ka tarar da jhaptal mai bugu 10, wanda aka raba biyu, uku, biyu, uku, da rupak mai bugu 7 wanda sam ɗinsa ya faɗa a kan khali, da ektal mai bugu 12 wanda mawaƙa sukan ja shi a hankali har zagaye ɗaya ya kusa cin minti guda. Shawarata ita ce ka ajiye gula tukuna, ka yi mako biyu kana tafa tintal da hannu kana faɗar tekarsa da baki, sannan ka sake buɗe bidiyon ƙanenka.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni malamar firamare ce a wani ƙauye a Ƙaramar Hukumar Gaya ta Jihar Kano. Na taɓa jin cewa wani mutum ne ya raba ganga ɗaya gida biyu aka sami tabla. Gaskiya ne? Kuma gadon gida ake yi da ita kamar yadda makaɗanmu suke yi?

AMSA: Barka kadai, Malama. Labarin ya shahara a Indiya, inda ake jingina shi ga Amir Khusrau, mawaƙin fadar Delhi da ya rasu a 1325, a ce shi ya raba doguwar gangar nan mai baki biyu da ake kira pakhawaj. Masana tarihi ba su karɓe shi ba, domin tabla a siffarta ta yau sai a ƙarni na 18 ta bayyana, ɗaruruwan shekaru bayan rasuwarsa. Abin da ya tabbata shi ne ta ari gaɓoɓi da tsararrun kiɗa masu yawa daga pakhawaj.

Gado kuwa ana yi, har suna da kalma a kansa, gharana, daga ghar wato gida. Gidaje shida aka fi sani: Delhi, wanda shi ne mafi daɗewa, da Ajrada da Lucknow da Farrukhabad da Banaras da Punjab. 'Yan Delhi da yatsu biyu suka fi aiki, a bakin fata, kiɗansu siriri ne mai tsabta, su kuwa 'yan Lucknow da Banaras sun fi buɗe hannu saboda kusancinsu da rawar kathak da kuma pakhawaj. Ba dole sai ɗan cikin gida ba, domin malami yakan ɗaura wa baƙo zare a wuyan hannu a gaban shaidu, daga ranar ya zama ɗalibinsa, ya kuma cancanci a ba shi kiɗan da ba a ba kowa. Malami Musulmi ana kiransa Ustad, wato Ustazu, mabiyin addinin Hindu kuma Pandit, kuma suna koyar da juna.

Cikin waɗanda suka fi fitar da tabla duniya akwai Ustad Alla Rakha na gidan Punjab, wanda ya rayu daga 1919 zuwa 2000, kuma ya daɗe yana raka Ravi Shankar mai kaɗa sita, wani abin kiɗa mai tsarkiya da dogon wuya, har da wasan da suka yi a bikin kiɗa na Woodstock a Amurka a 1969. Ɗansa Zakir Hussain, wanda aka haifa a 1951, ya gaje shi, ya rasu a San Francisco a watan Disamba na 2024. Idan kina so ki gwada wa ɗalibanki, jhaptal ya fi dacewa da darasin lissafi: su ƙirga ɗaya zuwa goma, su tafa a 1 da 3 da 8, su juya hannu a 6, rabin aji suna ƙirge, rabi suna faɗin dhi na, dhi dhi na, ti na, dhi dhi na.