Haruffa masu kauri a allon shago

Tambaya: Ina da shagon ɗinki a Agege. Mai buga allo a Shomolu ya nuna mini wasu haruffa masu kauri, matsattsu, marasa kaifin gefe. Za su dace da allona da katina?

Amsa: Malam, ga allo kam sun dace. Kaurin ne zai sa na cikin danfo ya karanta sunan shagonka kafin mota ta wuce, matsuwar kuma ta bar dogon suna ya shiga siririn allo. Gefen nan mai laushi yana da daɗin kallo, ni ina son sa a shagon tela.

A kati kuwa, kada a rubuta lambar waya da su. In suka ƙanƙance, tawada kan toshe cikinsu, 3 ta koma kamar 8.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙ, ɗ da ɓ. Da yawa cikin irin waɗannan haruffa ba su da masu lanƙwasa, sai kwamfuta ta aro daga wani salon, ka ga ɗ siririya a farkon "ɗinki". Ka sa ya buga maka kalmar a takarda tare da alamar ₦, ka duba kafin ka biya.